Jirgin ƙasan da ya ƙona mini yatsa

A makona na uku a Landan, inda wurin aikinmu ya tura ni kwas, wani Bature da muke zama teburi ɗaya ya tambaye ni ko ina da abin yi ranar Lahadi. Na ce babu. Ya ce to in zo gidan mahaifinsa, ranar ce tsohon zai tayar da jirgi. Na ɗauka tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya yi dariya ya ce a'a, malamin lissafi ne da ya yi ritaya, bai taɓa cin ko kwabon reluwe ba. Jirgin kuma a lambun gidansa yake.

Ban ce komai ba don kada in yi rashin kunya, amma a raina na ce tsufa ya zo da gardama. Mutum ya haura saba'in, ya durƙusa a ciyawa yana tura kayan wasan yara? Na amsa gayyatar ne kawai don zaman ɗaki ya ishe ni. Washegari abokin nawa ya zo da saƙo daga tsohon: wai kafin in tako gidansa, in fara zuwa Bekonscot, wani ƙauyen ƙananan gine-gine da jirage na kallo, ranar Asabar, in ga yadda abin yake.

Daga tashar Marylebone na hau jirgin da ke bi ta Beaconsfield, tafiyar kamar rabin awa. Garin yana cikin yankin Buckinghamshire, kuma daga tasha zuwa wurin 'yan mintoci ne a ƙafa, ta cikin unguwar da ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye. Babu abin da zai nuna maka akwai abin kallo a nan in ba iyayen da ke jan yara zuwa ƙofa ɗaya ba. Na bi sahunsu, ni kaɗai ne babba marar yaro a layin tikiti.

Da na shiga sai na ga na zama ƙato. Rufin coci yana daidai ƙuguna. Ga kasuwa, ga filin sukuwa da dawakinsa, ga mahaƙar kwal, ga tashar jiragen ruwa, ga gidan namun daji, ga wani gida mai rufin ciyawa da hayaƙi ke tashi daga kansa, 'yan kwana-kwana sun kafa tsani suna fama. An gina komai a kan ma'aunin 1 cikin 12, wato abin da ya kai ƙafa guda a zahiri, a nan inci guda ne. Duk wannan a fili mai faɗin eka ɗaya da rabi. Tsakanin gidajen kuma dogo ne ya ratsa, ya hau gada, ya shige ƙarƙashin tudu, ya ɓullo ta bakin ruwa.

Wani akanta ne mai suna Roland Callingham ya fara shi a lambun gidansa, aka buɗe wa jama'a a 1929. Sunan ma haɗi ne na sunayen garuruwan Beaconsfield da Ascot. Labarin da kowa ke bayarwa a wurin shi ne, da a cikin gida jiragensa suke, har suka cinye ɗakuna, sai a 1928 matarsa ta ce masa ya zaɓa: ko jiragen su fita, ko ita ta fita. Jiragen ne suka fita. Kamfanin Bassett-Lowke, wanda ya yi suna a ƙera ƙananan jirage a Ingila ta wancan zamani, shi ya shimfiɗa masa dogon, shi kuma da mai kula da lambunsa da sauran ma'aikatan gidan suka shiga gina gidaje a gefen hanya. Kududdufin wankansa ya koma teku. A 1934 an kawo Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta zama sarauniya, tana yarinya ta zo kallo. Tun farko kuma ribar da ake samu a ƙofa sadaka ake yi da ita.

Na daɗe a kan wata 'yar gada ina jiran jirgi. Kafin ya iso sai hannun sigina ya motsa, sannan na ji ƙarar ƙafafunsa a kan dogo, siririya kamar ana kaɗa cokula a nesa. Ya zo ya tsaya a tasha, ya ɗan jira kamar mai ɗaukar fasinja, ya tashi. Wani yaro a gefena ya bi shi a guje, uwarsa na kiransa. A nan na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai: mutanen da aka dasa a bakin tasha sun fi ƙarfin ƙofar taragon. Ko sun sunkuya ba za su shiga ba. Na riƙe wannan a matsayin makamin da zan je wa tsohon malamin lissafi da shi.

Ranar Lahadi abokina ya ɗauke ni a mota zuwa wani ƙaramin gari a kudancin Ingila. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi. Mahaifiyarsa ce ta buɗe mana ƙofa, ta dube ni ta ce, "Kai ne sabon wanda za a ɓata wa rana? Wuce, yana can yana hira da kwaɗi."

Mun same shi a durƙushe a kan wani tsohon buhu, hannunsa ya shige cikin wani rami har kafaɗa. Ramin shi ne hanyar da jirgi ke bi ta ƙarƙashin tudu. Ya zaro hannun riƙe da danƙararren ganye jiƙaƙƙe, ya yar, sannan ya miƙo mini gwiwar hannu maimakon tafi.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

"Yawwa ɗana. Ka zo a daidai. Riƙe wannan tsintsiyar."

Haka aka karɓe ni. Awa guda cur ban ga jirgi ba, sai shara. Dogon ya kewaye lambun gaba ɗaya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a kan ginin bulo da ya kai gwiwa, domin filin yana da gangara, shi kuma dogo ba ya son gangara. Muna tafe muna kwashe ganye da tsinke, muna ɗauke dodon koɗi daga kan ƙarfe. Ya ce ramin nan da na gan shi a ciki, ramin farko da ya gina ya fi shi tsawo ninki biyu, ya yi kyau ƙwarai a ido, har ranar da jirgi ya kife a tsakiyarsa. Sai da ya rushe tudun kafin ya ciro shi. Tun daga ranar ba ya gina ramin da hannunsa ba zai kai tsakiyarsa ba daga kowane baki. Kwaɗi na son wurin saboda laima, wata shekara ma bushiya ce ta tare a ciki, aka dakatar da zirga-zirga har ta tashi don kanta.

Na kawo masa maganar mutanen Bekonscot da suka fi ƙarfin taragonsu, ina jiran ya kare su. Sai ya yi murna kamar ɗalibi ya ci jarrabawa. Ya ce haka ne, gidajen 1 cikin 12 ne, jiragen kuwa na ma'aunin da ake kira Gauge 1 ne, kimanin 1 cikin 32, a kan dogo mai faɗin milimita 45. Ya tsinke wani ɗan reshe ya yi mini lissafin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Faɗin dogon da yawancin jiragen duniya ke bi milimita 1,435 ne. Raba shi gida 32, ka samu kusan 45. To amma akwai jiragen da ke bin dogo mai faɗin mita ɗaya; raba 1,000 gida 22.5, nan ma kusan 45 za ka samu. Da wannan dabarar wani kamfanin Jamus na birnin Nuremberg ya fito da jiragensa masu suna LGB a 1968: dogo ɗaya, amma jirgin ya fi girma da kauri, an yi shi da robar da ruwa da rana ba sa cinyewa da wuri. Su ne suka sa mutane da yawa fitar da jirgi daga ɗaki zuwa lambu. Kamfanin ya durƙushe a 2006, wani kamfanin mai suna Märklin ya saye sunan a shekarar da ta biyo.

Shi ma da LGB ya fara. Ya saya wa ɗansa, wato abokina, lokacin yana firamare. Yaron ya yi wata biyu ya koma ƙwallo, uban ya gaji jirgin. Irin wannan da lantarki yake tafiya: taransifoma na cikin gida yana rage wutar zuwa kamar bolt 20, ta bi ta ƙarfen dogo ta shiga ƙafafun jirgi. A ɗaki ba matsala. A waje kuwa kashin tsuntsu ɗaya ya isa ya tsayar da jirgi cak, ga tagullar dogon tana dusashewa, ga mahaɗan ƙarfen suna saki wuta ta riƙa yankewa. Ya ce ya yi shekaru yana goge dogo a durƙushe kafin ya gane cewa in dai wahala zai sha, gara ya sha ta a kan abin da ke numfashi. Wasu sun koma batir da rimot. Shi ya koma tururi.

Dogon da ke lambun yanzu milimita 32 ne, a ma'aunin da suke kira 16mm: kowace ƙafa guda ta zahiri milimita 16 ce, wato kimanin 1 cikin 19. Abin da ake kwaikwayo shi ne ƙananan jiragen duwatsun Wales, masu dogo mai faɗin kusan ƙafa biyu. Ya fi ƙaunar layin Ffestiniog, wanda aka buɗe a 1836 don sauko da dutsen rufin ɗaki daga Blaenau Ffestiniog zuwa bakin teku a Porthmadog. Da farko babu ma inji a layin: taragai masu kaya gangarowa suke da nauyinsu, dawaki su ja fankon su mayar sama, sai a 1863 aka kawo masu tururi. Masu wannan ma'auni suna da ƙungiya tun 1977, kuma al'adarsu ita ce ziyartar lambun juna, kowa ya zo da kan jirginsa a akwati ya ɗora a dogon mai gida.

Sai da muka gama shara ya shiga rumfarsa ya fito da shi, rungume kamar jariri. Kore ne, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu ba, ƙirar kamfanin Roundhouse na garin Doncaster. Da ya miƙo mini na ji nauyin da ban zata ba. Ƙarfe ne da tagulla zalla, yana warin mai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sauya mini tunani, don haka bari in faɗe shi dalla-dalla. Ya fara ɗiga mai a kowace gaɓa da ke motsi. Ya kwance wani ɗan murfi a ɗakin direba, ya tsiyaye ruwan da ya taru a ciki, ya cika shi da wani mai mai kauri kamar zuma, wanda tururi ke ja zuwa cikin injin. Sannan ruwa. Ba ya zuba na famfo, domin ruwan yankinsu ta cikin alli yake fitowa, yana barin farin dutse a tukunyar tururin jirgin kamar yadda yake yi wa butar shayi. Ruwan sama yake tara, ya tace. Ya cika tukunyar fal, ya sa sirinji ya zuƙe milimita 30 ya zubar. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "In ka cika ɗaki da ruwa, a ina tururi zai zauna?" Daga nan ya ɗura gas ɗin butan, irin na laita, a wani ɗan tanki. Saboda sanyin safiyar sai da ya ɗumama gwangwanin a hammatarsa, don butan ba ya son tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Ya ce an auna tankin yadda gas zai ƙare kafin ruwa, don kada wuta ta ci gaba da cin busasshiyar tukunya.

Ya buɗe gas kaɗan, ya kai ashana bakin bututun hayaƙi. Wutar ta yi "fuf" ta koma ciki, sai wani siririn gurnani. Muka tsuguna muna kallon wani agogon auna matsin tururi da bai fi farcen babban yatsa ba. Minti biyar, shida, allurar tana rarrafe. Ban san lokacin da na daina jin sanyi ba. Da ta kai lamba 40 sai bawul ɗin da ke saman tukunya ya saki farin tururi da ƙara, har na ja da baya. Tsohon ya taɓa ɗan hannun da ke buɗe wa tururi hanya. Jirgin ya yi tari, ya tofa ruwan zafi gauraye da mai ta bututu, ya yi gaba taku ɗaya ya tsaya, ya sake tari. Injin ne da sanyi, tururin farko yana komawa ruwa a cikinsa. A karo na uku ya kama, ya ja taragai shida cike da ɓaraguzan dutse, yana "caf, caf, caf", tururinsa na rataye a iska a bayansa saboda sanyin gari.

Na kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ni da na zo da raini, domin tsohon ya ce daga nan ake kallo. Gaskiyarsa. Idan idonka ya sauko daidai dogo, gansakukar da ke kan dutse ta zama makiyaya, ganyen tayim da ya shimfiɗu ya zama kurmi, wadannin itatuwan da yake aske wa rassan ƙasa da almakashi suka zama manyan bishiyoyi. A nan na fahimci rabon aikin gidan: dogo nasa ne, duk abin da ke tsiro na matarsa ne, kuma akwai yarjejeniyar kan iyaka da aka sha karyawa. Ta ce mini da ta ji labarin matar Callingham ta yi mamakin haƙurinta, ita tun a shekarar farko ta kori jiragen mijinta waje.

Bayan zagaye uku ya ce, "Ɗana, karɓi."

Wannan kan jirgin ba shi da rimot. Da yatsa ake tuƙa shi, kana biye da shi a sunkuye. Na tura ɗan hannun kaɗan, na ga kamar jirgin yana jan ƙafa, na ƙara. Ya ɗauki gudu, na ji daɗi. Abin da ban sani ba shi ne bayan gadar akwai 'yar gangara da ido ba ya gani, a ƙarshenta kuma kwana. Jirgin tururi ba kamar na lantarki ba ne. In hanya ta sauka, shi ma sakin jiki yake. Kafin in kai hannu ya shiga kwanar da ƙarfi, ya ɗaga ƙafafun gefe ɗaya, ya kwanta cikin tayim ɗin Mama, taragai suka hau kan juna, duwatsu suka watse. Cikin ruɗewa na cafke shi ta tukunya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: ruwan da ke cikin tukunya mai wannan matsi ya wuce zafin tafasar ruwan buta nesa. Na saki da ihu.

Tsohon bai ko dube ni ba sai da ya rufe gas, ya sa tsumma ya tayar da jirginsa, ya duba shi gaba da baya. Sannan ya ce in sa yatsan a bokitin ruwan sama. Ina tsaye da hannu a bokiti ya yi mini darasi. Mutum yana tafiyar kilomita 5 a awa. Jirgin da aka rage gida 19, in ya yi saurin tafiyar mutum, daidai yake da babbansa yana kilomita 95 a awa, a kan hanyar dutsen da aka yi don abin da bai kai sulusin haka ba. "Kai kuma har da sassarfa ka bi shi," in ji shi. Abokina yana gefe yana dariya har da riƙe ciki. Ashe shi ma a wannan kwanar ya taɓa kifar da shi.

Hukuncina shi ne gyaran wurin. Faɗuwar ta ture dogon ta kwashe tsakuwar da ke riƙe da shi. Ya kawo bokitin tsakuwa da cokali da burushin fenti. Tsakuwar fasasshiya ce mai kaifi, don irin mai santsi ta bakin rafi ba ta kama juna, ruwan sama ɗaya sai ta gangare. Ana zubawa da cokali, a share ta tsakanin katakan da ke ƙarƙashin dogo, a danna, a ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a gani ko gefe ya fi gefe. Ya nuna mini 'yar tazarar da ya bari a kowace mahaɗa, wadda da ƙyar kati zai shiga. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: mita 10 na dogo, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara tsawon kamar milimita 5, in bai sami wurin zuwa ba sai ya lanƙwashe kamar maciji. Da hunturu kuma ƙasa ce ke daskarewa ta kumbura ta ɗaga dogon, da bazara ciyawa ta taso ta tsakiya, da kaka ganye ya rufe komai. Duk abin da ke damun babban reluwe yana damunsa, sai dai shi ma'aikacinsa ɗaya ne, gwiwoyinsa kuma sun fara ƙara.

Na yi lissafi a raina ina danna tsakuwa. In aka cika tukunya sau ɗaya, minti 20 zuwa 25 jirgin yake yi yana tafiya. Mun yi awa guda muna shara, kusan rabin awa muna shirya jirgi, ga awa guda ta gyaran ɓarnata. Na ce, "Baba, aikin ai ya ninka tafiyar sau nawa." Ya ce bai taɓa auna su dabam ba. Ya ɗaga wani dutse ya nuna mini inda yake so ya fitar da reshen dogo zuwa gindin itacen tuffa, shekara huɗu ke nan yana tunanin yadda zai haye wata 'yar kwata ba tare da gangarar ta wuce 1 cikin 50 ba, kuma ba tare da ya taɓa furannin da aka hana shi taɓawa ba. Mama ta leƙo ta taga ta ce ta ji shi.

Da la'asar ya sake hura wuta, ya sake ba ni. Wannan karon na bi shi kamar mai rakiyar amarya, ina rage tururi tun kafin gada, ina ƙarawa kaɗan a hawa inda sautinsa ke yin nauyi. Ya wuce kwanar lafiya, ya shige ramin kwaɗi, na zagaya da sauri na tare shi a ɗaya bakin, tururi ya riga shi fitowa. A zagaye na biyar gurnanin wutar ya ɗauke, jirgin ya ƙara 'yan taku da sauran numfashinsa ya tsaya nesa da tasha. Tsohon ya ce fasinjoji sai su ƙarasa a ƙafa.

Na koma Landan da bororo a yatsa da tabon ciyawa a wando. Mako biyu bayan haka, ana gobe zan bar ƙasar, abokina ya ajiye mini wayarsa a kan teburi ya ce saƙo ne daga Baba. An yi ruwa mai ƙarfi, tsakuwar da na danna ta zube rabi, tsohon ya sake aikin da kansa. A hoton, daidai bakin kwanar, ya kafa wani ɗan farin allo da bai fi kan ashana uku ba a tsawo, irin wanda ake kafa wa direbobi don iyakance gudu. An rubuta 10 a jiki.